Na Faɗa, Sun Ce Sun Gane, Amma Wani Abu Dabam Suke Yi

Assalamu alaikum Anti. Wata bakwai ke nan da aka ƙara min girma a wurin aiki, aka ɗora ni a kan mutum biyar, biyu daga cikinsu ma sun girme ni. Tun daga lokacin ban huta ba. Sai in ba da aiki, a ce min an gane, a je a yi wani abu dabam. Na baya-bayan nan shi ya fi yi min ciwo. Ranar Litinin na tura wa ɗaya daga cikinsu saƙo ta WhatsApp na ce, "A gyara rahoton nan kafin Alhamis." Ya amsa da, "To, ranki ya daɗe." Da muka haɗu a bakin ƙofa na ce masa ka gane ko, ya ce ya gane. Ni lissafin shafi na uku nake nufi, domin alƙaluman watan jiya ne a ciki, kuma da safiyar Alhamis zan gabatar da rahoton a gaban shugabanninmu. Shi kuwa kurakuran rubutu ya bi ya gyara, kuma bai turo min ba sai ƙarfe biyu na ranar Alhamis, bayan na gama shan kunya.

A gida ma ban tsira ba. Rannan jikina ba daɗi, na rubuta wa maigidana, "Yau za ka dawo da wuri?" don ya ɗauko yara daga makaranta. Ya rubuto, "Zan duba." Bai dawo ba sai dare. Da na yi ƙorafi sai ya ce ai ban ce masa komai ba.

Anti, wannan ba raini ba ne? Ina tunanin rubuta wa ma'aikacin nan takardar gargaɗi, ko sauran su shiga taitayinsu.

Ƙanwarki da ta gaji

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye takardar gargaɗin nan tukuna. Ban ce ki yaga ta ba, wataƙila ranarta na zuwa, amma a kan wannan rahoton ba ki da hujjar rubuta ta. In ya kai ƙara sama, saƙonki na ranar Litinin kawai zai nuna, kuma duk wanda ya karanta shi ba tare da ya san abin da ke ranki ba, shi zai bai wa gaskiya.

Mu karanta saƙon tare, amma da idonsa. "A gyara." Wa zai gyara? Wannan ya gane, tunda shi aka tura wa. Me za a gyara? Rahoto yana da rubutu, yana da lissafi, yana da tsari, kalmar gyara kuwa ta ɗauki dukansu. Mutumin ya buɗe, ya ga kurakuran rubutu, ya ce ga abin da ake nufi nan. "Kafin Alhamis." A wurinki, kafin gari ya waye ranar Alhamis. A wurin mutane da yawa, kafin a tashi aiki ranar Alhamis. Zancen taron safe, da shafi na uku, da alƙaluman watan jiya, da shugabannin da za ki tsaya gabansu, ko ɗaya bai shiga wayarsa ba. Duk suna cikin kanki, a fili ƙarara, shi ya sa kike jin kamar kin faɗe su.

Akwai wani gwaji da nake yawan tunawa idan an kawo min irin wannan kuka. A shekarar 1990, wata ɗaliba mai karatun digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Elizabeth Newton, ta raba mutane gida biyu. Wasu za su zaɓi waƙar da kowa ya sani su riƙa buga kiɗanta da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Kafin a fara, an tambayi masu bugawa, sau nawa kuke jin za a gane? Suka ce kamar rabi. Aka buga waƙa 120, uku kacal aka gane. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ki gwada da 'ya'yanki yau ki gani. Mai bugawa yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, da murya da amshi da komai. Mai sauraro ba abin da ke isa kunnensa sai ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Sai ki ga mai bugawa yana hararar abokinsa, yana mamakin yadda mutum zai kasa gane abu mai sauƙi haka. Wannan hararar ita kika zo min da ita a wasiƙarki, kika sa mata suna raini.

Masana sun daɗe suna zana yadda magana ke tafiya daga wani zuwa wani. Zanen da ya fi shahara na Claude Shannon ne, masanin lissafi a kamfanin bincike na Bell a Amurka, wanda ya fitar a 1948. Ya ce akwai inda saƙo ya fito, akwai abin da ke mayar da shi alamar da za a iya aikawa, akwai hanyar da yake bi, akwai abin da ke karɓa ya warware shi, sannan wanda aka nufa. A tsakiya kuma ya ajiye wani abu da ya kira hayaniya, wato duk abin da ke shiga hanya ya gurɓata saƙon. Shi wayar tarho da ta tangarahu ne a gabansa, har ya faɗa da bakinsa cewa ma'anar saƙo ba ta cikin matsalar da yake warwarewa. Waɗanda suka zo bayansa, irin su Wilbur Schramm a 1954, su suka jawo zanen zuwa kan mutane, suka ƙara abu biyu. Na ɗaya, kowa da abin da ya sani kuma ya saba yake fassara abin da ya ji, don haka inda saninku bai haɗu ba, kalma ɗaya za ta ba ku ma'ana biyu. Na biyu, magana zagaye take yi, sai martani ya dawo wurin mai aikawa kafin ya san abin da ya isa.

Wannan na biyun shi ne inda kika yi sakaci, kuma a nan nake so mu daɗe.

Za ki ce ai kin tambaye shi, ya ce ya gane. Ƙanwata, "ka gane?" ba tambaya ba ce. Amsarta ɗaya ce a duniya, musamman daga na ƙasa zuwa na sama, a tsaye a bakin ƙofa, kowa na sauri. Wanda ya gane zai ce eh. Wanda bai gane ba amma yana kunyar a ce kansa ba ya ja, zai ce eh. Wanda ya girme ki kuma yake ganin faɗuwa ce ya nemi ƙarin bayani wurin ƙanwar bayansa, zai ce eh. Mafi haɗarinsu shi ne na huɗu, wanda ya gane wani abu dabam, kuma har zuciyarsa ya yarda ya gane. Ina kyautata zaton mutuminki a nan ya faɗo. Bai yi miki ƙarya ba. Haka "To, ranki ya daɗe" ɗin nan, ladabi ne, shaida ce cewa saƙo ya shiga waya, ba ta gaya miki komai game da abin da ya shiga kai.

Mutanen da kuskuren ji ke iya kashewa sun daina dogara da "na gane" tuntuni, kuma da jini suka koyi darasin. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, hazo ya rufe ko'ina, jirage biyu manya ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suna kan titin tashi ɗaya, ba mai ganin wani, hasumiyar da ke ba jirage umarni ma ba ta ganinsu. Mataimakin matuƙin jirgin KLM ya yi wa hasumiya wata magana mai harshen damo, wadda za a iya ɗauka a kan sun tsaya a wurin tashi, ko kuma sun fara tashi. Jami'in hasumiya ya ce to, ya ɗan dakata, sannan ya ƙara da cewa su jira sai ya kira su. A daidai wannan daƙiƙar matuƙan jirgin Pan Am su ma suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyin biyu suka yi karo, suka zama ƙara mai tsini a kunnen 'yan KLM. "To" ɗin ce kawai ta isa da kyau. Injiniyan jirgin KLM ya ji wani abu bai kwanta masa ba, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi. Kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin, shi ke koyar da wasu tuƙi, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Injiniya ya yi shiru. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka mutu.

Ki duba, duk abin da ke cikin wasiƙarki yana nan: kalma mai fuska biyu, "to" da aka ɗauka izini, hayaniya a hanya, da na ƙasa da ya haɗiye shakkarsa don girman na sama. Bayan wannan haɗari aka ƙara tsaurara ƙa'idar magana a sararin sama. Kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin da ake ba da izinin tashi ko ake soke shi. Muhimmin umarni kuwa, dole matuƙi ya maimaita shi da bakinsa, jami'in hasumiya ya saurara ya tabbatar abin da ya faɗa ne ya dawo masa. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin raina hankalin matuƙi mai shekara talatin yana tuƙi.

Ke ba jirgi kike tuƙawa ba, kuma in kika ce wa dattijon da ya girme ki "maimaita abin da na ce", kin sayi rigima. Akwai hanyar da ba ta ƙasƙanta kowa. Ki ɗora shakkar a kanki: "Malam, ina tsoron ko ban yi bayani da kyau ba. Ta ina kake ganin za ka fara?" Da kin yi masa wannan tambayar ranar Litinin, zai ce miki zai bi rubutun ya gyara kurakurai, nan take ki ce a'a, shafi na uku nake nufi. Minti ɗaya bai cika ba. Ko ki ce, "Yaushe zan sa ran ganinsa?" ya ce Alhamis da rana, ki ce ai taron da safe ne. Duk tambayar da ba a iya amsa ta da eh ko a'a, ita ce ke fito miki da abin da ke kan mutum.

Sannan akwai abin da ba ki faɗa ba amma na hango shi tsakanin layukanki. Daga Litinin zuwa safiyar Alhamis kwana uku ne. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, rahoton da za ki tsaya da shi gaban manya bai zo ba, ba ki kuma leƙa ba. Na san dalili, ba kya so a ce sabuwar shugaba ta cika sa ido. Amma shirun naki ma saƙo ne, kuma abin da ya karanta a ciki shi ne aikin ba na gaggawa ba ne.

Da ni ce, ga yadda zan rubuta: "Malam, alƙaluman shafi na uku na watan jiya ne, a sauya su da na wannan watan. Zan gabatar da rahoton ƙarfe tara na safiyar Alhamis, don haka ina buƙatarsa ranar Laraba kafin ƙarfe huɗu in samu in duba. In akwai alƙaluman da ba su iso ba, ka sanar da ni gobe." Ya fi naki tsawo sau takwas, na yarda. Ki lura da abin da tsawon ya sayo: abin da za a yi, rana da ƙarfe, da dalili. Dalilin nan mutane ke yawan yarwa, alhali shi ke ceton saƙo idan wani sashensa ya ɓace. Wanda ya san akwai taro da safiyar Alhamis, ko ya manta ƙarfe nawa kika ce, ba zai kawo aiki da rana ba. Shannon ma maganin da lissafinsa ya bayar ga hayaniya ke nan, a ƙara wa saƙo abin da zai sa a iya gano shi ko da wani yanki ya lalace a hanya.

Sai batun hanya. Rubutu a waya yana da amfaninsa, yana ajiye rana da lamba, ba a musu da shi. Abin da ba ya ɗauka shi ne murya da fuska. A 2005 wasu masu bincike, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun sa mutane aika jimloli ta imel, wasu da gaske wasu da gatse. Masu aikawa sun zaci za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin ɗari. Abin da aka gane bai wuce kashi 56 ba, wato da kaɗan ya ɗara canki-canka. Da aka faɗi jimlolin da murya, an fi ganewa nesa ba kusa ba. Don haka duk abin da ke da sarƙaƙiya, ko zai iya sosa rai, ki tashi ki je, zuwa da kai ya fi aike. In kun gama magana sai ki bi da gajeren rubutu na abin da kuka tsayar. Gyaran kuskuren mutum kuwa kada ki taɓa yin sa a zauren WhatsApp na ofis inda sauran huɗun ke karantawa, don ba gyaran zai ji ba, idon mutane zai ji.

Af, tunda na ambaci murya da fuska: in aka tura ki irin bitar nan ta shugabanci, za ki ji ana cewa kalmomi kashi 7 ne kawai na sadarwa, murya 38, fuska da jiki 55. Kada ki ɗauke shi yadda ake faɗa. Alƙaluman daga ƙananan gwaje-gwajen Albert Mehrabian ne na 1967, a kan yadda ake gane so ko ƙi idan kalma da murya suka saɓa wa juna, kuma shi kansa ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa su a kan kowace magana. Ba murmushin da zai gaya wa ma'aikacinki cewa shafi na uku kike nufi.

Mu dawo gida. "Yau za ka dawo da wuri?" tambaya ce a kan jadawalinsa, kuma a kan jadawalinsa ya amsa. Ciwon jikinki da yaran da ke jira a makaranta suna cikin waƙar da ke kanki, shi ƙwas-ƙwas ya ji. Na san abin da za ki ce, domin mata da yawa sun faɗa min, maza ma haka: in ya damu da ni, ai ya kamata ya gane ba sai na faɗa ba. Ina fahimtar wannan, akwai daɗi a ce an karanci mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Amma labarin zuciya fuska ake tambaya, ke kuwa kalma shida kika ba shi a kan gilashin waya, yana tsakiyar aikinsa. Hannunka-mai-sanda yana aiki ne idan ana kallon hannun.

Kada ki ce na cika kawo labarin haɗari, amma akwai ɗaya da ya dace da wannan. A watan Janairun 1990 wani jirgin kamfanin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka a New York, mansa na ƙarewa. Matuƙan sun faɗa wa jami'an ƙasa cewa mai na ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da aka tanada don halin ko-ta-kwana ba, wadda da an ji ta za a kawar da kowa a ba su hanya. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 73 suka rasu. Su a ganinsu sun faɗa.

Ki gwada rubuta masa abin yadda yake: "Jikina ba daɗi yau, don Allah ka ɗauko yara ƙarfe biyu. In ba za ka samu dama ba, ka gaya min yanzu in nemi wata hanya." In ya karanta wannan ya ce zai duba, sannan ya ɓace har dare, to kina da magana, kuma babba. Shi ma ba na wanke shi tas. Mutumin da matarsa ta yi masa tambayar da ba ta saba yi ba, "lafiya dai?" ba za ta ci masa komai ba. Haka ma'aikacinki, wanda ya daɗe a aiki ya kamata ya san tambayar wane gyara ake so. Ki faɗa musu wannan, kowa a lokacin da rai ya kwanta. Sai dai laifi tudu ne, kuma ke kika rubuto min, naki ɓangaren shi ne a hannunki.

Game da raini, ban ce babu shi a duniya ba. Mace mai ƙarancin shekaru da aka ɗora a kan waɗanda suka girme ta tana iya haɗuwa da shi, kuma ba zan ce miki mafarki kike ba. Matsalar ita ce a yanzu ba ki da yadda za ki bambance wanda ya raina ki da wanda bai gane ki ba, tunda sakamakonsu iri ɗaya ne a kan teburinki. Kuma da zarar kin yanke cewa raini ne, wannan hukuncin zai zama hayaniya a kunnenki ke ma: "to" ɗinsa za ki ji ta da gatse, tambayarsa za ki ji ta kamar gardama, su kuma su ga fuskarki a ɗaure su daina tambaya gaba ɗaya, kamar injiniyan nan.

Ki kira ma'aikacin nan gobe, ku biyu kawai, ki rufe ƙofa. Ki ce masa kin sake karanta saƙonki kin ga bai fayyace abin da kike so ba, kin kuma sha kunya a taron, ba kya so a maimaita. Ki roƙe shi duk ranar da umarninki ya zo masa a dunƙule, ya dawo miki da shi kafin ya fara, kuma ranar farko da ya yi hakan ki gode masa a gaban sauran, ko da kina cikin sauri, don su ga tambaya ba ta jawo harara. Ki yi wata guda a haka, kowane aiki da abin da za a yi, da ranarsa, da dalilinsa, kuma kin ji daga bakinsa ta inda zai fara. In bayan haka ya kawo miki wani abu dabam, ki ɗauko takardar gargaɗin, ki haɗa da kwafin saƙon da ranar da kuka yi magana, ki sa hannu.